Milford ko Doubtful: ina ya fi dacewa ka kashe yininka guda a Fiordland?

Wanda Allah ya kai shi tsibirin kudu na ƙasar Niyu Zilan, karatu ne ya kai shi ko taro ko ziyara, ba zai daɗe ba za a fara ce masa ya je ya ga Fiordland. Yawancin baƙi yini ɗaya tak suke iya warewa, kuma wurare biyu ne ke takarar wannan yinin: Milford Sound da Doubtful Sound. A hotunan talla kusan abu ɗaya za ka gani, baƙin ruwa, duwatsu tsaye cak, ruwa na kwararowa daga sama. Amma yadda yinin ke gudana a wuraren biyu ya sha bamban ƙwarai, musamman ga wanda ke son haɗa jirgin ruwa da takawa a ƙasa, ba ya yini a kujera ana nuna masa abubuwa ta taga ba.

Ra'ayina shi ne, idan tafiyar ƙafa tana cikin abin da ya fito da kai, Milford za ka, amma da sharaɗin ka kwana a garin Te Anau. In ka bar wannan sharaɗin, rabin amfanin tafiyar ya zube.

Wuraren biyu duk fiyod ne, wato kwari mai zurfi da tulin ƙanƙara ya sassaƙe a jikin tsaunuka tun zamanin da sanyi ya rufe yankin, da ƙanƙarar ta narke sai ruwan teku ya kutso ya cika shi. Shi ya sa bangon dutsen yake miƙewa tsaye daga cikin ruwa, babu gaɓa, babu rairayi. Akwai irinsu 14 a gefen kudu maso yamma na tsibirin, cikin gandun dajin Fiordland da aka kafa a 1952, mai faɗin hekta sama da miliyan 1.2. Milford ne kaɗai za ka iya tuƙa mota daga gari har bakinsa.

Abu na farko da ya kamata ka cire daga ranka shi ne jiran ranar da ba ruwan sama. Milford na samun ruwa kimanin milimita 6,400 a shekara, yana sauka a kusan rabin ranakun shekarar, alhali Kano damina guda ba ta cika wuce milimita 700 zuwa 1,000 ba. Doubtful ma haka yake jiƙe sharkaf. Kuma ruwan ne ke ƙawata wurin. A ranar da gari ya washe, manyan magangarun ruwa biyu ne ke zuba a Milford ba yankewa: Bowen mai tsawon mita 162, da Stirling mai wajen mita 150. Da an sheƙa ruwa na 'yan sa'o'i, sai ɗaruruwan ƙananan magangaru su ɓarke a jikin duwatsun ta ko'ina, wasu iska ke kwashe su tun ba su kai ƙasa ba. Saboda haka hasashen yanayi ba zai raba maka gardama tsakanin wuraren biyu ba.

Hanyar Milford

Daga Te Anau zuwa Milford kilomita 120 ne, tafiyar sa'a biyu in ba a tsaya ba. Daga Queenstown kuwa, inda galibin 'yan yawon buɗe ido ke sauka, kusan kilomita 290 ne, domin titin sai ya yi doguwar zagaya ta kudu ya bi ta Te Anau ɗin. Wanda ya shiga bas daga Queenstown da sassafe, sa'a 12 zuwa 13 zai yi kafin ya dawo masauki, kuma mafi yawansu a zaune. Jirgin ruwan sa'a biyu ne kacal a tsakiya. Babu wani gurbi da ya rage na tafiyar ƙafa ta kirki, sai dai saukar minti biyar-biyar a ɗauki hoto a koma mota. Ƙari a kan haka, bas-bas ɗin Queenstown kusan lokaci ɗaya suke isa, wajen tsakar rana, tashar ta cika maƙil, jirage su yi ta fita a jere, ƙananan jiragen sama da masu saukar ungulu na ta kai-komo a sama. A 2019 mutum sama da 800,000 suka ziyarci Milford. Wanda ya taso daga Te Anau da safe yana riga wannan cunkoson shiga ruwa, sannan ya sami yammacinsa a hannu.

Titin kansa yana cikin abin da ka biya kuɗi don gani. Yana ratsa kwarin Eglinton mai faɗi da ciyawa ruwan zinari, ya wuce ƙananan tafkunan da ake kira Mirror Lakes inda tsaunuka ke bayyana a fuskar ruwa in babu iska, sannan ya fara hawa har ya isa wani bangon dutse da ba ka ga mafita. Nan ne ramin Homer, mai tsawon kilomita 1.2, a tudun mita 945 sama da teku. An fara haƙa shi a 1935, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, aka kai marasa aikin yi da diga da baro. Zaftarewar dusar ƙanƙara ta kashe wasu daga cikinsu, yaƙin duniya ya tsayar da aikin, bai buɗe wa motoci ba sai bayan kusan shekara 20. Ramin ƙunci ne da shi, yana gangarawa ƙasa, a lokacin cunkoso danja ce ke ba da hannu ɓangare ɗaya bayan ɗaya. Yayin da motoci ke jira, wani aku na kan tsaunuka mai suna kea yakan sauko kan mota, koren tsuntsu mai jan ƙarƙashin fiffike, ya kama robar gilashi da baki yana ja. An hana ba shi abinci, kuma jagoranka zai nanata maka haka.

A kan ruwa, Milford gajere ne, wajen kilomita 15 zuwa 16 daga tasha zuwa Tekun Tasman, kuma matsattse. Wannan matsin ne ƙarfinsa. Dutsen Mitre ya tashi kusan mita 1,690 kai tsaye daga ruwa, sai ka ɗaga kai har wuyanka ya gaji. Direbobin jiragen sukan tura goshin jirgin har ƙarƙashin Stirling, wanda ya tsaya a gaba ya jiƙe jagab cikin daƙiƙoƙi, sanyin ruwan ya ratsa rigar ruwa. In kana da zaɓi, ka nemi ƙaramin jirgi mai jagora masanin halittu. Manyan jiragen sun fi kujeru masu daɗi da abinci, amma ƙananan sun fi matsawa kusa da bango, sun fi daɗewa, kuma kana iya yi wa jagoran tambaya ya amsa maka baki da baki.

Jagora nagari shi zai nuna maka abin da idonka zai wuce. Misali, dogayen tabo farare a jikin dutse inda babu itace ko ɗaya. Itatuwan wurin ba su da ƙasa mai zurfi, saiwoyinsu sarƙe suke da juna a kan gansakuka, to in ruwa ya yi yawa ɗaya ya suɓuce daga sama, sai ya kwaso duk na ƙasa da shi har cikin teku, kuma wurin kan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya sake rufewa. Ko dalilin da ya sa ruwan yake da launin shayi: ruwan sama da ya ratso ruɓaɓɓen ganye yana kwanciya a saman ruwan gishiri, ya tare haske, har halittun da a wasu tekuna sai can ƙasa ake samunsu, irin su baƙin murjani, suke rayuwa a nan a zurfin mita goma.

Inda ƙafa ke taka ƙasa

Nan ne Milford ya yi wa Doubtful fintinkau. Akwai hanyoyi iri-iri da kamfanonin jagoranci ke haɗawa da jirgi a yini guda, kuma ba ɗaya suke ba.

Wadda na fi so wa baƙo ita ce ta Sandfly Point. Ƙaramin kwale-kwale mai inji zai tsallaka da ku cikin 'yan mintoci zuwa ƙarshen shahararriyar hanyar Milford Track, wadda masu tafiya ke yi cikin kwana huɗu, kilomita 53.5. Ku kuma sai ku shiga ta wutsiyarta, ku bi gefen kogin Arthur da tafkin Ada har zuwa magangarar Giant Gate, ku juyo. Zuwa da dawowa kusan kilomita 11, yawancinta shimfiɗaɗɗiya, ba hawa mai wahala. Kurmi ne rufaffe, gansakuka ya lulluɓe kowane kututture da kowane dutse har ba ka bambance su, ruwa na ɗiga daga rassa ko ba a yin ruwan sama, ƙananan tsuntsaye na biyo sawunka don cafke ƙwarin da ka tayar. A Giant Gate akwai gada mai lilo, ƙarƙashinta ruwa garau har kana ƙirga duwatsun ƙasa. Mutum mai matsakaicin ƙarfi zai yi ta cikin sa'a huɗu ko ɗan fiye. Lokacinta shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Afrilu, kuma gurbi kaɗan ne a kwale-kwalen, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta biyu ita ce Key Summit, wadda ke farawa daga wani wuri a kan titin da ake kira The Divide. Ita hawa ce, sa'a uku zuwa da dawowa, ka fito daga kurmi zuwa wani fili a saman tudu mai ƙananan kududdufai da hanyar katako. Daga nan ruwan da ya sauka yake rabuwa gida uku, wani ya nufi gaɓar yamma, wani gabas, wani kudu. In gari ya washe babu kamarta wajen hangen nesa. In hazo ya rufe, ka sha hawa ne kawai ka ga fari fat. Don haka Key Summit caca ce da yanayi, ita kuwa hanyar Sandfly Point ruwa ƙara mata kyau yake yi.

Ga masu tafiya da yara ko dattawa akwai zagayen tafkin Gunn, minti 45 a cikin kurmi, da gajeriyar hanyar bakin ruwa a Milford ɗin kansa. Hanyar tafkin Marian ma tana nan, amma tana da duwatsu da saiwoyi masu santsi, ba zan ba wanda bai saba ba shawarar haɗa ta da jirgi a rana ɗaya ba.

Doubtful

Zuwa Doubtful hawa uku ne. Daga garin Manapouri, kilomita 20 daga Te Anau, za ku tsallaka tafkin Manapouri a jirgi, kusan sa'a guda. A ɗaya gefen bas na jira, ya haura da ku mashigar Wilmot mai tudun mita 671, tafiyar kilomita 22 a kan titin tsakuwa da bai haɗu da kowane titi ba a ƙasar, duk motar da ka gani a kansa ta ruwa aka tsallako da ita. Sai ku gangara Deep Cove, tashar da ke bakin Doubtful, ku shiga jirgi na biyu, wanda zai yi wajen sa'a uku a kan fiyod ɗin. Gaba ɗaya kimanin sa'a bakwai daga Manapouri zuwa Manapouri.

Titin nan ba don baƙi aka yi shi ba. An gina shi a shekarun 1960 don kai manyan injuna tashar wutar lantarki ta Manapouri, wadda aka haƙa a cikin dutse can ƙarƙashin ƙasa, ita ce mafi girma a tashoshin ruwa na ƙasar, kuma yawancin wutarta masana'antar alminiyam ta Tiwai Point ke sha. Shirin farko ya ƙunshi ɗaga ruwan tafkin da mitoci masu yawa, abin da zai nutsar da tsibiransa da dajin bakinsa. Jama'a suka ƙi. A 1970 kimanin mutum 265,000 suka sa hannu a takardar koke, kusan kashi ɗaya cikin goma na al'ummar ƙasar a lokacin, aka fasa ɗagawar. Tafkin da kake tsallakawa da safen nan, da tsibiransa cike da itatuwa har bakin ruwa, albarkacin waɗannan mutanen ne yake haka, kuma ina ganin ya cancanci matafiyi ya san wannan kafin ya hau jirgin.

Doubtful ya ninka Milford tsawo fiye da sau biyu, kusan kilomita 40, kuma shi ne mafi zurfi a yankin, mita 421. Yana da manyan rassa uku da tsibirai. Kyaftin James Cook, Baturen Ingila mai binciken teku, ya hango bakinsa a 1770 bai shiga ba, don yana shakkar samun iskar da za ta fito da jirginsa. Duwatsunsa sun fi kwanciya, sun fi kore, ba su tsaya maka a ka kamar na Milford. Wanda ya je yana neman hoton nan na dutsen Mitre zai ji kamar an rage masa wani abu. Abin da yake da shi wanda Milford ya rasa shi ne kaɗaici. Kana iya yin sa'a guda ba ka ga wani jirgi ba. A ɗaya daga cikin rassan, yawanci direba yakan kashe inji da janareta, a roƙi kowa ya tsaya inda yake ya ajiye waya. 'Yan mintocin nan, da kukan tsuntsaye da zubar ruwa kawai a kunne, su ne abin da mutane suka fi ambata in sun dawo.

Ta fuskar dabbobi ma yana da ɗan rinjaye. Akwai garken dolfin, dabbar teku mai kama da babban kifi, da ke zaune a cikinsa shekara da shekaru, akwai dabbobin ruwa masu gashi da ake kira sil da ke kwance a kan tsibiran Nee a bakin teku, akwai tsuntsun fengwin mai rawaya a gira wanda Maori, 'yan asalin ƙasar, ke kira tawaki, an fi ganinsa daga tsakiyar shekara zuwa Nuwamba. A Milford ma ana ganin sil kusan kullum, dolfin kuwa sai an dace. Babu kamfanin da zai lamunce maka ganinsu. Kuma in teku ta yi fushi, wajen bakin nan jirgi na tangal-tangal, mai saurin jiri ya sha maganinsa tun da safe.

Raunin Doubtful a fili yake: ba a tafiya. Daga jirgi zuwa bas, daga bas zuwa jirgi, sai tsayuwar 'yan mintoci a saman Wilmot don hango fiyod ɗin daga sama. Jagora yana magana ta lasifika, kai kana zaune. Wanda ya dage sai ya taka, in a tsakiyar bazararsu ne, Disamba ko Janairu, rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, yana iya tsayawa a Rainbow Reach tsakanin Manapouri da Te Anau ya tsallaka gadar kogin Waiau ya ɗan shiga hanyar Kepler. Amma wannan shirinka ne kai kaɗai, ba ya cikin tikiti, kuma babu jagora.

Kuɗi ma sun bambanta. Kamfanoni da dama ke gasa a Milford, farashi hawa-hawa ne, har akwai rangwame a jiragen safe da na yamma. A Doubtful masu aiki kaɗan ne, kuma jirgi biyu da bas kake biya, saboda haka tikitinsa kan ninka na jirgin Milford kaɗai sau biyu ko fiye. Sai dai in ka ɗora kuɗin mota da na jagoran tafiyar ƙafa a kan na Milford, tazarar tana raguwa sosai. Jimillar yinin za ka gwada, ba farashin da ke saman talla ba.

To wa Doubtful ya fi dacewa da shi? Wanda ke tafe da mahaifiya ko mahaifin da gwiwa ta fara ba shi matsala, wanda hayaniya ke ɓata wa rai, wanda ya taɓa ganin Milford, da wanda ba ya son doguwar tafiyar mota a titi mai lanƙwasa. Ga waɗannan, rashin takawa ba asara ba ce. Wanda kuma ya maƙale a Queenstown babu halin kwana a Te Anau, duk wanda ya zaɓa yinin zai yi tsawo. Yana iya tafiya Milford a bas ya dawo a ƙaramin jirgin sama, tafiyar ƙasa da sa'a guda, amma da tsada, kuma ana yawan soke tashi in gajimare ya sauko.

Akwai 'yan abubuwa da suka shafi wuraren biyu. Na farko ƙudan cizo, ɗan mitsitsin baƙin ƙwaro da ke taruwa a kan idon sawu da wuyan hannu da zarar ka tsaya. Dangin ƙudan nan ne mai kawo makanta a bakin kogunanmu, amma na can ba ya ɗauke da cuta, ƙaiƙayi ne kawai na kwanaki. Doguwar riga, safa mai kauri da man shafawa na korar ƙwari sun wadatar, kuma ba ya cika samun mai tafiya, mai tsayuwa yake ci. Na biyu sutura: ko a bazararsu sanyin kan jirgi ya fi na hunturunmu in iska ta taso, ka sa kaya hawa-hawa da rigar ruwa ta gaske, da takalmi mai kama ƙasa. Na uku abinci da salla. Abincin jirgi ba lallai ya zama halal ba, ya fi sauƙi ka yi guzuri daga Te Anau ko ka nemi na ganye tun lokacin sayen tikiti. Kada ka dogara da guzurin gida: kilishi, daddawa, zuma da makamantansu dole ka bayyana su a filin jirgi, kuma rashin bayyanawa tarar dalar ƙasar 400 ce nan take. Haka takalmin da ya taɓa shiga gona, a wanke shi tas. Alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata kudu. Sabis ɗin waya yana yankewa a mafi yawan hanyar, don haka ka duba lokutan salla tun kana masauki. A tafiyar Milford mai ƙaramin rukuni ya fi sauƙi ka gaya wa jagora ya ba ka minti goma a wani zango, a Doubtful kuwa jadawalin jirgi da bas ba ya jiran kowa, sai ka tsara sallarka a kansa.

Idan tafiyarka ta faɗo tsakanin Mayu da Nuwamba, lissafin ya ɗan sauya. Titin Milford yana ratsa yankin da dusar ƙanƙara ke zaftarewa, akan rufe shi wani lokaci na yini ko fiye, ana buƙatar mota ta ɗauki sarƙar taya, kuma tuƙi a hannun hagu ake yi. Wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba ya bar wa direban kamfani sitiyari. Tafiyar Sandfly Point mai jagora ba ta aiki a yawancin watannin nan, Key Summit na iya kasancewa cikin dusa, rana kuma gajeriya ce. A wannan kakar fifikon da Milford ke da shi na tafiyar ƙafa yana raguwa, Doubtful ya matso kusa. Ko wanne ka zaɓa, ka sa shi a farkon kwanakinka na Te Anau, ka bar yini ɗaya a sake a bayansa, ka kuma tambayi kamfanin tun kafin ka biya ko suna mayar da tikiti zuwa washegari in an rufe hanya.